Filin Tambaya da Amsa: Kula da Ruwan Kifayen Ado Masu Haihuwa

Wasiƙun wannan fitowar sun taru ne a kan dangi ɗaya na kifayen ado, wato waɗanda macensu ba ta zuba ƙwai a ruwa, sai dai ta riƙe su a cikinta har su ƙyanƙyashe, sannan ta haifo 'ya'yan da ke iyo da kansu tun daga ranar farko. Huɗu ne suka fi yawa a hannun masu kiwo: gufi, da moli, da filati, da mai-takobi. Dukkansu 'yan dangin da masana ke kira Poeciliidae ne, kuma asalinsu daga nahiyar Amurka yake. An taƙaita wasu daga cikin wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi akwatin kifi na gilashi mai cin lita 60, da na'urar tace ruwa, na cika shi da ruwan famfo, a ranar kuma na zuba gufi goma da moli huɗu, domin mai sayarwar ya tabbatar mini cewa waɗannan kifaye ba su da wuyar sha'ani. Ba a yi mako biyu ba na rasa biyar, sauran kuma sun tattaru a saman ruwa suna haki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ruwan garau yake, babu ko ɗigon datti. Me ke kashe su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ke kashe kifinka ba ya ganuwa da ido, shi ya sa hasken ruwan ya yaudare ka. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta kunnuwan da yake numfashi da su, kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasan akwati su ma suna ƙara ta. A akwatin da ya daɗe ana kiwo a cikinsa akwai wasu bakteriya masu amfani da suke zaune a jikin soson na'urar tace ruwa da jikin tsakuwa, waɗansu suna mayar da amoniya ta zama naitirait, waɗansu kuma suna mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda illarsa ba ta kai ta biyun farko ba, kuma ana rage shi ta hanyar canjin ruwa. Sabon akwati ba shi da waɗannan bakteriya, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita yadda za su iya ɗaukar dattin kifi. A cikin wannan tsakanin amoniya ce ke fara taruwa, tana ƙona kunnuwan kifin, daga baya naitirait ya biyo, shi kuma yana shiga jini ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Hakin da kake gani a saman ruwa alama ce ta ɗayan waɗannan biyun, ko ma duka.

Akwai wani abu da ya sa wannan matsala ta fi tsanani ga masu kiwon kifaye masu haihuwa, kuma ba kasafai ake faɗa wa sabon shiga ba. Waɗannan kifaye suna son ruwan da ma'aunin pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya haura 7, amma gubar amoniya tana ƙaruwa ne yayin da pH ke hawa. A ruwa mai zafin digiri 25, idan pH yana kan 7, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na amoniyar ce ke cikin siffarta mai guba, idan kuwa pH ya kai 8, adadin yakan haura kashi biyar cikin ɗari, wato kusan ninki goma. Ke nan ruwan da ya fi dacewa da gufi da moli shi ne kuma ruwan da kuskure ke saurin kisa a cikinsa.

Abin yi yanzu shi ne ka nemi kayan gwajin ruwa, irin na ɗigawa ya fi irin na takarda nuna gaskiya, ka riƙa auna amoniya da naitirait kullum. Duk ranar da ɗayansu ya nuna, ka kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ko ma rabinsa idan abin ya yi yawa, ka mayar da sabo mai zafi daidai da na akwatin, wanda ka riga ka sa wa maganin kashe kulorin. Kada ka dogara da barin ruwan famfo ya kwana a bokiti, domin kulorin ne kaɗai ke fita ta wannan hanya, kuloramin kuwa, wanda wasu hukumomin ruwa ke amfani da shi, yakan daɗe a ruwa bai fita ba. Ka rage abinci zuwa sau ɗaya a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu, ka kuma dakatar da sayen sabon kifi. Idan kana da wanda ya daɗe yana kiwo kuma kifinsa lafiya lau suke, ka roƙe shi ya yanko maka wani ɓangare na soson na'urarsa, ka sa a cikin taka tun yana jiƙe, wannan yana rage kwanakin jira sosai. Shi kuma soson, ba a wanke shi a bakin famfo, sai dai a matse shi a cikin ruwan da aka kwaso daga akwatin, domin kulorin yana kashe bakteriyar da ake wahalar tarawa.

Za ka gane akwatin ya zauna daidai idan amoniya da naitirait suka tsaya a sifili kwanaki a jere, naitiret kuma ya fara nunawa. Daga nan sai ka koma canjin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, kana zuƙe dattin da ke cikin tsakuwa da tiyo, kana kuma lura kada naitiret ya wuce miligiram 40 a lita, in ya tsaya ƙasa da 20 ma ya fi. Sannan ina ganin lita 60 ta yi wa moli kaɗan, domin kifi ne mai girma da yawan ci da yawan kashi, kuma ya fi samun sakewa a akwatin da ya kai lita 100 zuwa sama. Da gufi kaɗai ka tsaya, da akwatin ya ishe su.

Tambaya: Malam, baƙaƙen moli nake kiwo tare da wasu ƙananan kifaye masu kiwo a ƙasan akwati, waɗanda ake kira Corydoras, akwai kuma tsirrai. Kwanan nan molin sukan tsaya wuri ɗaya suna kaɗa jiki dama da hagu ba tare da sun matsa gaba ba, fikafikansu a tsuke. An ce in zuba gishiri. Na gwada ruwan, amoniya babu, naitirait babu, amma pH ya sauko zuwa 6.4, alhali da 7.2 yake. Gishirin zai gyara?

Amsa: Malama, kin yi dabara da kika auna ruwan kafin ki kai hannu ga gishiri, domin saukar da pH ya yi ita ce ta fallasa matsalar. Ruwa ba ya tsami banza. Aikin da bakteriya ke yi na sarrafa amoniya yana fitar da tsami a hankali, kuma abin da ke shanye wannan tsami shi ne sinadarin kabonet da ke narke a cikin ruwa, wanda ake aunawa da ma'aunin KH. Idan ruwan da kike amfani da shi ba shi da kabonet da yawa tun asali, ko kuma an daɗe ba a canza shi ba, sai ya ƙare, pH ya faɗo. Ruwan da ke da ƙarancin kabonet galibi yana da ƙarancin kalsiyam da magnesiyam ma, su kuwa ana auna su ne da ma'aunin GH. Ruwan da waɗannan ma'adinai suka yawaita a cikinsa shi ne mai nauyi, irin wanda sabulu ba ya saurin kumfa a cikinsa, kuma shi ne ruwan da moli ke buƙata.

Dalilin yana ga wuraren da kifin ya fito. Nau'o'in moli suna zaune ne daga kudu maso gabashin ƙasar Amurka, zuwa Meziko, zuwa Amurka ta Tsakiya, da yawansu a ƙoramu da tafkunan da ke kan dutsen farar ƙasa, kamar na yankin Yukatan, waɗansu kuma a bakin teku inda ruwan kogi ke gauraya da na gishiri. Jikinsu ya saba da ruwa mai ma'adinai, kuma idan aka ajiye su a ruwan da babu, sai su riƙa wahala wajen riƙe gishirin jininsu, ƙarfinsu ya ragu, cututtuka su samu ƙofa. Kaɗa jikin da kike gani ba cuta ce mai zaman kanta ba, alama ce ta cewa kifin yana cikin matsi, kuma sanyi ko taruwar naitiret ma suna iya jawo ta, don haka ki duba su ma.

Game da gishirin, ga inda mutane suke ruɗewa. Gishirin da ake zubawa a akwatin kifi sodiyam ne da kulorayid, ba ya ƙara kalsiyam, ba ya ƙara magnesiyam, ba ya ɗaga KH, saboda haka pH ɗinki zai ci gaba da sauka ko da kin zuba shi. Gaskiya ne yakan ɗan sauƙaƙa wa molin, kuma yana da amfani na musamman a lokacin da naitirait ya taru, domin kulorayid yana rage shigarsa cikin jinin kifi. Amma Corydoras ba sa jure gishiri na dogon lokaci, yawancin tsirran ruwa ma haka, kuma moli yana rayuwa lafiya ba tare da gishiri ba muddin ruwan yana da nauyi.

Shawarata ita ce ki sayi ma'aunin GH da na KH, ki auna ruwan akwatin, ki kuma auna ruwan da kike ɗebowa kafin ki zuba. Gufi da filati da mai-takobi suna jin daɗi idan GH yana tsakanin digiri 10 da 20, moli kuma ya fi son ɓangaren sama na wannan, ko ma fiye, tare da pH tsakanin 7.5 da 8.2. Digiri ɗaya na GH daidai yake da kusan miligiram 18 na kalsiyam kabonet a lita, idan kayan gwajinki da wannan lissafin suke nunawa. Hanya mafi sauƙi ta ƙara nauyin ruwa ita ce a ƙulla dakakken murjanin teku ko dakakken dutsen farar ƙasa a cikin ƙaramar jakar raga, a sa a cikin na'urar tace ruwa inda ruwa zai riƙa ratsa shi. Kyawun wannan hanya shi ne yana narkewa da sauri idan ruwa ya yi tsami, ya rage narkewa idan pH ya hau, don haka da wuya ya wuce gona da iri. Ki fara da kaɗan, ki bar canjin ya ɗauki kwanaki, domin ɗaga pH daga 6.4 zuwa 8 a yini ɗaya zai iya kashe kifin da kike son ceto. Ruwan maganin da ake sayarwa da sunan ɗaga pH nan take ba na ba da shawararsa, domin yakan ɗaga lambar yau ta sake faɗowa jibi, kuma wannan hawa da sauka ya fi cutar da kifi a kan pH da ya ɗan kauce amma ya tsaya wuri ɗaya.

Abu biyu kuma a taƙaice. Ruwan sama da ruwan da aka tace har ya rasa ma'adinansa ba su dace da waɗannan kifaye ba sai an mayar musu da ma'adinai. Haka nan ruwan da ya bi ta na'urar rage nauyin ruwa ta gida, wadda ake zuba wa gishiri, domin aikinta shi ne cire kalsiyam ta maye gurbinsa da sodiyam, wato tana cire ainihin abin da moli ke nema. Yawancin Corydoras da ake samu wurin masu kiwo suna iya zama a ruwa mai matsakaicin nauyi, saboda haka idan kika tsayar da GH a wajen 12 zuwa 15, kowa zai samu yadda yake so.

Tambaya: Malam, a lokacin zafi ma'aunin da ke jikin akwatina yakan nuna digiri 31, wani lokaci 32, kuma sai in ga gufi da filati sun taso sama suna buɗe baki. Ga shi kuma akan ɗauke wuta na tsawon sa'o'i. Zan iya jefa ƙanƙara a ciki?

Amsa: Malam, zafin da ya fi dacewa da waɗannan kifaye shi ne digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos, kuma suna iya zama lafiya tsakanin 22 da 28. Idan aka haura 30, matsala biyu ce ke haɗuwa: ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin da yawa, domin ruwan da ke iya riƙe kusan miligiram 9 a lita a digiri 20 ba ya wuce 7 da rabi a digiri 30, sannan jikin kifin yana ƙara sauri, buƙatarsa ta oksijin tana ƙaruwa. Filati, musamman, ya fi gufi jin jiki a irin wannan zafi.

Kada ka jefa ƙanƙara kai tsaye, domin za ta sauke zafin da gaggawa a ƙaramin akwati, da ta narke kuma ya sake hawa, ga kulorin da ke iya kasancewa a cikinta. Abin da ya fi aiki shi ne ka ɗage murfin, ka rufe saman da raga don kada kifi ya yi tsalle ya fita, ka saita ƙaramar fanka ta riƙa hura saman ruwan. Tururin da ke tashi yakan sauke zafin da digiri biyu ko uku, musamman idan iskar ɗakin a bushe take. Ka kashe fitilar akwatin da rana, ka kuma tabbata hasken rana ba ya dukan gilashin ta taga. Ka juya bakin na'urar tace ruwa yadda zai riƙa motsa saman ruwan, domin ta nan ne oksijin ke shiga. Sai dai ka tuna cewa ruwa ne kaɗai ke tashi, ma'adinai da naitiret suna nan, saboda haka cike gurbin abin da ya ƙafe ba ya zama madadin canjin ruwa na mako.

Game da ɗaukewar wuta, ƙaramin famfon iska mai aiki da batir shi ne abin da ya fi cancanta ka mallaka. Idan babu, ka riƙa ɗibar ruwan akwatin da kofi kana zubo shi daga sama lokaci zuwa lokaci, kuma kada ka ba su abinci har wuta ta dawo. Idan na'urarka irin rufaffiyar nan ce da ke wajen akwati, kuma ta yi sa'o'i da yawa a tsaye, ka zubar da ruwan da ya kwanta a cikinta kafin ka kunna, domin oksijin ɗinsa ya ƙare, ƙila ma ya fara wari.

Tambaya: Malam, macen gufi ɗaya tilo na saya, babu namiji ko ɗaya a akwatin, amma ta haihu sau uku a cikin wata uku. Yaya haka ta faru?

Amsa: Hajiya, ta zo miki ne da abinta. Namijin waɗannan kifaye yana da wani fiffike a ƙarƙashin ciki wanda ya sauya ya zama siriri kamar tsinke, da shi yake sa maniyyi a jikin mace, ita kuma tana iya adana shi da rai na tsawon watanni, tana ɗaukar ciki bayan ciki daga haɗuwa ɗaya. Cikin gufi yakan ɗauki kusan mako huɗu, ya ɗan gajarta a ruwa mai ɗumi, ya ɗan tsawaita a mai sanyi, don haka haihuwa uku a wata uku daidai take da lissafi. Za ki ga yawan 'ya'yan yana raguwa har abin ya tsaya. Ta wannan fiffiken ne kuma za ki bambance jinsin 'ya'yan idan sun tasa: na mace a buɗe yake kamar mafici, na namiji kuwa a tsuke. Idan kika yi niyyar kawo namiji, ki sa mata biyu ko uku ga kowane namiji ɗaya, domin namijin gufi ba ya gajiya da bin mace, kuma idan ita kaɗai ce zai hana ta ci da hutawa.

Tambaya: Malam, filatina takan yi ciki har ya yi girma, washegari in ga cikin ya sauka amma babu ɗa ko ɗaya. Na sayi ƙaramin akwatin roba da ake rataya wa a ciki don mai ciki, na sa ta mako guda, sai ta daina ci, daga baya ta zubar da 'ya'yan a mace. Yaya zan yi in samu 'ya'ya?

Amsa: Malam, 'ya'yan da ba ka gani ba an cinye su ne, kuma uwar tana cikin waɗanda suka ci, domin waɗannan kifaye ba sa renon abin da suka haifa, duk abin da ya shiga bakinsu abinci ne. Wasu kuma na'urar tace ruwa ce ke zuƙe su, shi ya sa ake sa soso a bakin bututun da ke jan ruwa.

Ƙaramin akwatin nan kuwa, ra'ayina shi ne illarsa ta fi amfaninsa idan aka daɗe da uwa a ciki. Wuri ne matsattse, ruwa ba ya gudana sosai a cikinsa, kuma tsoro da matsi suna sa mai ciki ta zubar da 'ya'ya kafin lokaci, kamar yadda ka gani. Idan dole ne a yi amfani da shi, a sa ta lokacin da haihuwa ta matso ƙwarai, wato cikin ya yi kusurwa ta gaba, baƙin tabon da ke kusa da mafitarta ya ƙara girma da duhu, ta kuma fara keɓe kanta, sannan a fitar da ita da zarar ta gama. Ga moli da mai-takobi ma bai dace ba sam, domin sun fi ƙarfinsa.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a cika wani ɓangare na akwatin da tsirrai masu sarƙaƙiya, kamar gansakukar Java a ƙasa, da Ceratophyllum mai yawo a saman ruwa, domin jariran da zarar an haife su maɓoya suke nema. Ba duka za su tsira ba, amma za a samu masu tsira a kowace haihuwa, kuma su ne masu kuzarin cikinsu. Wanda yake son ya tsirar da da yawa sai ya tanadi wani akwati daban na lita 20 zuwa 40, da na'urar soso mai aiki da iska, da ruwa iri ɗaya da na babban akwatin, ya kwashe jariran zuwa can. Ana ba su abincin kifi da aka murje ya zama gari, kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a rana, in da hali a haɗa da sabbin ƙyanƙyasar Artemia, wasu ƙananan halittun ruwa masu kama da jatan lande, waɗanda ƙwansu ke fashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu a ruwan gishiri. Yawan ciyarwa yana saurin ɓata ruwa, don haka canjin ruwan jarirai ya fi na manya yawa. Ana mayar da su cikin manya idan sun girmi bakin babban kifin da ke akwatin.

Amma ka yi tunani tun yanzu a kan inda za ka kai su. Mace ɗaya tana iya haifar 20 zuwa 50 a kowane wata, 'ya'yan kuma suna fara nasu cikin 'yan watanni, saboda haka akwatin da ke ɗauke da kifi shida lafiya zai iya cika ya wuce ƙarfin na'urarsa kafin shekara ta zagayo. Ka raba maza da mata da zarar ka iya bambance su, ka kuma nemi masu karɓa. Abin da ba a yi shi ne sakin su a kogi ko tafki ko magudanar ruwa. Gufi, wanda masanin Jamus Wilhelm Peters ya fara bayyanawa a 1859 daga kifayen Benezuwela, kuma ya samo sunansa daga Robert Lechmere Guppy da ya aika da shi Landan daga Tirinidad a 1866, an kai shi ƙasashe da yawa don ya ci tsutsar sauro, yau ga shi ya bazu a ruwayen yankuna masu zafi na duniya, yana gogayya da ƙananan kifayen asali na wuraren.

Tambaya: Malam, na kawo sababbin gufi, bayan kwana kaɗan sai farin abu ya fito a bakin wasu da kuma gadon bayansu. Wani ya ce cutar farin ɗigo ce, in ƙara zafin ruwa zuwa digiri 30. Na ƙara, sai mutuwar ta ƙaru.

Amsa: Malama, bayaninki ya fi kama da wata cuta daban. Cutar farin ɗigo, wadda ƙwayar Ichthyophthirius ke jawowa, tana fitowa ne kamar an barbaɗa wa kifi gishiri, ɗigo-ɗigo a rarrabe a jiki da fikafikai, kifin kuma yana goga jikinsa da duwatsu. A wannan cutar ƙara zafi yana da dalili, domin magani ba ya samun ƙwayar tana cikin fatar kifi, sai ta faɗo ta hayayyafa 'ya'yanta sun fito suna yawo a ruwa, zafi kuma yana gaggauta wannan zagaye. Shi ya sa ake ci gaba da magani kwanaki bayan ɗigon ya ɓace.

Farin da ke cin baki, ko ya kwanta a gadon baya kamar sirdi, da fikafikai masu zagwanyewa, alamar bakteriyar Flavobacterium columnare ce, wadda ke yawan kama kifaye masu haihuwa bayan wahalar jigila ko a ruwa mai datti, kuma ita zafi ƙarfi yake ƙara mata. Ki sauke zafin a hankali zuwa digiri 24, ki ware waɗanda suka kamu, ki yawaita canjin ruwa, ki kwashe duk wanda ya mutu nan take, sannan ki nemi maganin bakteriya na kifi bisa shawarar likitan dabbobi, ki kuma cire gawayin da ke cikin na'urar tace ruwa idan akwai, domin yana shanye magani. Nan gaba duk sabon kifi ya yi mako uku zuwa huɗu a wani akwati shi kaɗai kafin ya shiga cikin tsofaffi. A wannan zaman ne kuma ake gano tsutsar Camallanus, wadda ke leƙowa kamar jan zare daga mafitar kifi, kuma ta fi sauƙin magani a akwati ɗaya ƙarami a kan ta bazu cikin kowa.

Tambaya: Malam, zan iya haɗa mai-takobi da filati a akwati ɗaya mai lita 70? Sannan ɗaya daga cikin matan mai-takobina ta fara fitar da takobi a wutsiya. Ta zama namiji ke nan?

Amsa: Malam, ruwan da suke so iri ɗaya ne, amma lita 70 ba ta isa ba. Mai-takobi yakan wuce santimita 10, yana da gudu, kuma gwanin tsalle ne, saboda haka yana buƙatar akwatin da tsawonsa ya kai santimita 90, mai cin lita 100 ko fiye, da murfin da ba shi da kafa. Maza biyu kaɗai sukan yi ta faɗa har ɗaya ya lalace, don haka ko dai namiji ɗaya, ko kuma da yawa a babban akwati yadda faɗan zai rarrabu. Ka kuma sani cewa mai-takobi da filati duk 'yan jinsin Xiphophorus ne, suna barbarar juna su haihu, kuma da yawa daga launukan da ake gani a yau ta haka aka samo su. Tun a shekarun 1920 masana biyu, Myron Gordon da Curt Kosswig, suka lura cewa wasu 'ya'yan wannan gauraye masu baƙin tabo suna kamuwa da sankarar fata, har kifin ya zama abin nazarin wannan cuta. Idan kana son kowane iri ya tsaya a kan kamanninsa, ka raba su.

Wadda ta fitar da takobi kuwa, mafi yawan lokuta namiji ne tun asali wanda ya makara wajen balaga. A cikin mai-takobi akwai mazan da ke balaga da wuri su tsaya ƙanana, akwai kuma waɗanda ke ci gaba da girma da siffar mata na tsawon watanni kafin takobin ya fito, kuma su ne ke zama manya. Tsohuwar mace ma takan fitar da ɗan gajeren takobi bayan ta daina haihuwa. Ka dubi fiffiken ƙarƙashin cikinsa: idan ya tsuke ya zama tsinke, namiji ne, sai ka sake lissafin yawan maza da matan da ke akwatinka.